Mai Furfurar Baya: Tarihin Gwaggon Birin Kurmi

Wata ranar Asabar da hantsi wani mai wasa da biri ya ratso ta unguwarmu ta Kirkissoye, a hayin kogin Kwara, cikin birnin Yamai. Yana janye da bika a sarƙa, an sa wa bikan wata tsohuwar rigar yara. Kafin ka ce kwabo yaran unguwa, Zabarmawa da Fulani da Hausawa, sun yi masa zobe. Mutumin ya kaɗa ƴar gangarsa, bikan ya yi alkafura, ya miƙa hannu ana jefa masa dala-dala. Jikana ya matso kusa da ni, ya riƙe gefen rigata.

Ya ce, "Kaka, wannan shi ne gwaggon birin da muke gani a talabijin, mai dukan ƙirji, mai cin mutane?"

Na ce, "A'a, abokina, wannan bika ne. Wancan na kurmi daban yake, kuma ganye yake ci."

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. A Hausa suna ɗaya muke kiran dabbobin biyu da shi, gwaggon biri, alhali ba su haɗa gida ba. Bika yana da wutsiya da dogon baki irin na kare, ɗan daji ne na ƙasarmu, yana nan garke-garke a gandun dajin W, kudu da garin Say. Na kurmi, wanda Turawa ke kira gorila, ba shi da wutsiya, ya fi kowane biri girma a duniya, kuma bai taɓa zama a ƙasar Nijar ba. Mafi kusa da mu suna kan tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga gadar Kennedy. Abin da ya iso mana game da shi ta bakin baƙi ya iso, kuma yawancinsa ƙage ne. Tarihin wannan dabba tarihi ne na yadda aka ɓata mata suna, da abin da ɓatancin ya jawo mata, da yadda wasu mutane suka zauna suka dube ta da idon basira har gaskiya ta yi halinta.

Inda ƙagen ya samo asali

Sunan gorila ya girmi sanin dabbar kanta. Kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wani shugaban jiragen ruwa mai suna Hanno ya tashi daga birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya bi gaɓar tekun yammacin Afirka. A labarin tafiyarsa an ce sun tarar da wasu halittu masu gashi a wani tsibiri, tafintoci suka ce musu sunansu gorilai. Mazan suka haye duwatsu suna jifa, aka kama mata uku, suka yi ta cizo da yagu, aka kashe su, aka feɗe fatunsu aka tafi da su gida. Masana sun yi saɓani a kan ainihin abin da Hanno ya gani, amma sunan ya zauna a littattafai, kuma karon farko da aka rubuta shi, da jini aka rubuta.

A 1847 wani likita ɗan mishan daga Amurka, Thomas Savage, ya sauka a gaɓar Gabon, ya ga wani ƙoƙon kai da bai yi kama da na kowane birin da ya sani ba. Ya tara ƙasusuwa ya aika wa Jeffries Wyman, masanin halittar jiki a Amurka, suka bayyana wa duniyar ilimi sabuwar dabba, suka ɗauko tsohon sunan nan na Hanno suka raɗa mata. Mutanen kurmin Gabon sun san ta tun kaka da kakanni, suna da sunayensu da suke kiran ta da su. Sai dai ba su ne ke riƙe da alƙalami ba.

Wanda ya fi kowa ɓata mata suna shi ne Paul Du Chaillu, mafarauci ɗan asalin Faransa, wanda ya yi yawo a Gabon daga 1856 zuwa 1859. Littafinsa ya fito a 1861, ya kwatanta dabbar kamar wani dodo daga wuta, rabi mutum rabi dabba, mai ruri yana tunkarar mutum. Littafin ya yi kasuwa, domin mafarauci ba ya samun kirari sai abin da ya kashe ya zama abin tsoro. Daga nan masu zane da masu sassaƙa a Turai suka ɗora, suna zana shi ya saɓi mace ya nufi kurmi. A 1933 aka yi fim ɗin King Kong a Amurka, ƙaton biri mai rushe gari, kuma wannan hoton ne ya bi duniya har ya shigo ɗakunan kallo na unguwanninmu, ya zauna a kan jikana.

Zamanin mulkin mallaka bindiga ce ke gaba, ilimi na biye. Ranar 17 ga Oktoba 1902 wani hafsan sojan Jamus, Robert von Beringe, ya harbe biyu a kan dutsen Sabyinyo, cikin tsaunuka masu aman wuta na Virunga, inda Ruwanda da Yuganda da Kongo suka haɗa iyaka. Aka aika ƙasusuwan Berlin, Paul Matschie ya duba ya ce wani iri ne daban, na kan tsauni, ya sa masa sunan wanda ya harbe shi. A 1904 shi dai Matschie ya sake bayyana wani irin daga ƙoƙunan kai da aka kawo daga yankin kogin Cross, a Kamaru ta Jamus. Wannan shi ne maƙwabcinmu, za mu dawo gare shi.

A 1921 Carl Akeley, mai cusa fatun dabbobi don gidan tarihi na New York, ya hau Virunga ya kashe biyar. Da ya tsaya a kan gawar wani babban namiji ya dubi fuskarsa, sai jikinsa ya yi sanyi, ya gane cewa ba dodo ya kashe ba. Ya koma yana roƙon Sarki Albert na Beljiyam, mai mulkin Kongo a lokacin, a keɓe musu tsaunukan. A 1925 aka kafa gandun da yau ake kira Virunga, na farko irinsa a Afirka. Akeley ya rasu a can a 1926, aka binne shi a wani fili mai suna Kabara, a gindin dutsen Mikeno.

Gani ya kori ji

A wannan fili na Kabara ne, a 1959, wani matashi mai suna George Schaller ya sauka da matarsa. An ce masa ya riƙa bindiga, ya ƙi. Ya ce wanda ke ɗauke da makami tafiyarsa ma daban take, kuma dabba tana ganewa. Ya riƙa zuwa shi kaɗai, ya zauna a inda za su gan shi, ya sunkuyar da kai, har suka saba. Littafinsa na 1963 shi ne ya fara rushe ginin Du Chaillu. A farkon 1967 Dian Fossey, ƴar Amurka, ta zo wurin. Wani ɗan Kongo mai suna Sanwekwe, gwanin bin sawu wanda ya yi aiki da Schaller, shi ya koya mata karanta daji: karyayyen kara, tabon yatsu a laka, ɗumin kashi. Ya kamata a riƙa ambaton irin su Sanwekwe, don da wuya Bature ya samu garke ba tare da su ba. Da rikici ya tashi a Kongo ta tsallaka Ruwanda, ta kafa sansanin Karisoke ranar 24 ga Satumba 1967, tsakanin duwatsun Karisimbi da Bisoke. Takan rarrafa, ta tauna kara, ta yi irin gyatsar da suke yi idan hankalinsu a kwance yake. A 1970 wani saurayi daga cikinsu, wanda ta sa wa suna Peanuts, ya miƙo hannu ya taɓa nata.

Abin da waɗannan mutane suka gani, da waɗanda suka biyo bayansu har yau, gida ne mai tsari. Garke yakan kai kamar goma: mata, da ƴaƴa, da samari, da maigida guda. Namiji idan ya kai wajen shekara 12 gashin bayansa yakan yi fari kamar an shimfiɗa masa mayafin azurfa, shi ya sa nake kiran sa mai furfurar baya. Nauyinsa yakan kai kilo 140 zuwa 200, ninki biyu na mace. Da ƙafa huɗu yake tafiya, yana dogara a kan bayan yatsun hannu. Shi ke yanke lokacin tashi, da inda za a dosa, da inda za a kwana. In mata biyu sun yi cacar baki, gyaran murya ɗaya zai yi ko ya harare su, magana ta mutu.

Da gari ya waye sai kiwo. Kowa ya zauna cikin ganye ya jawo da hannu, ya ɓare, ya tauna. Rana ta take sai a yi ƙailula, manya su miƙe, uwa na tsefe gashin ɗanta, yara na kokawa suna hawan bayan maigida suna zamewa, shi kuwa ko gezau. La'asar a koma kiwo. Kafin magariba kowane babba ya tanƙwara rassa da ganye ya yi wa kansa gado, a ƙasa ko a bisa itace, kuma ba ya kwana a gadon jiya. Da waɗannan gadaje ne masu ƙidaya ke sanin yawan garken da ba su taɓa gani da ido ba. Waɗanda ake gani kuwa da hanci ake bambance su, domin zanen da ke saman hancin kowanne nasa ne shi kaɗai, kamar zanen yatsan ɗan Adam.

Mace takan fara haihuwa tana da kimanin shekara 10. Ciki wata takwas da rabi ne, jariri kilo biyu, bai kai namu ba. Tana rungume da shi a ƙirji watannin farko, sannan ya koma goyo a baya, yana shan nono yana kwana a gadonta har shekara uku ko fiye. Saboda haka sai bayan shekara huɗu take sake haihuwa, kuma rayuwarsu a daji ba ta cika wuce shekara 35 zuwa 40 ba. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san ma'anar wannan lissafi: garken da ke haihuwa a hankali, in aka taɓa shi, ya daɗe bai farfaɗo ba. Budurwa takan bar gidan ubanta ta koma wani garke, saurayi kuma ya fita ya yi zaman kaɗaici har ya samu matan da za su bi shi. Akwai ɗaci a cikin wannan rayuwa, ba a ɓoye shi: idan maigida ya mutu, baƙon namijin da ya gaje matan yakan kashe jariran da ke shan nono. Wannan ya sa mutuwar mai furfurar baya ɗaya takan zama mutuwar gida. Amma idan uwa ce ta mutu ta bar yayayyen ɗa, masu bincike a Karisoke sun sha ganin maigida ya jawo marayan jikinsa, har ya kwana da shi a gadonsa.

Dukan ƙirjin da ya tsorata duniya, Schaller ya bi shi daki-daki. Namijin yakan fara da kuka a hankali yana ƙara sauri, ya ɗora ganye a leɓe, ya miƙe tsaye, ya watsa ciyawa sama, ya buga ƙirji da tafin hannu a ƙoƙe, ba da dunƙule ba, ya ruga a kaikaice yana karya rassa, ya ƙare da dukan ƙasa. Ana jin ƙarar daga nisan kilomita guda. Kirari ne irin na ɗan dambe kafin a shiga fage, amfaninsa abokin gaba ya auna ƙarfinsa ya janye ba tare da an zub da jini ba. Masu bin sawu sun san maganinsa: ka durƙusa, ka kawar da ido, kada ka gudu. Mafarautan da suka rubuta labarinsa, a daidai wannan lokacin suke danna kunamar bindiga, sannan su koma gida su ce dodo ya kawo musu hari.

Abin da yake ci

Wannan ƙaton jiki da tsiro aka gina shi. Babban namiji yakan ci kilo 18 ko fiye a yini. Na kan tsauni, inda sanyi ya hana itatuwa ƴaƴa, ganye da kara da saiwa da ɓawo yake ci, daga tsirrai fiye da iri 100. Idan gora ta yi toho a damina sai garke ya gangaro mata. Akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da suke so, sukan tattara shi su naɗe gefen mai ƙaya a ciki kafin su kai baki, kuma yaro a wurin uwarsa yake ganin yadda ake yi. Na kurmin ƙasa, a Gabon da Kamaru da Kongo, ya fi samun ƴaƴan itace, yakan yi doguwar tafiya don su, ya haɗa da gara da tururuwa. Ba su cika shan ruwa ba, ruwan da ke cikin ganye da raɓar safiya sun wadatar. Nama ba ya cikin cimarsu.

Biyu daga cikin abincinsa duk Bahaushe ya san danginsu. Na farko citta mai ƴaƴa, wadda matanmu ke saya wurin mai kayan yaji. Danginta sun cika kurmi, gwaggon biri yana ɓare karansu ya ci totuwar, ya ci ƴaƴan, ya yi gado da ganyen. Na biyu goro. A gandun Lope na ƙasar Gabon akwai wani itacen goron daji da masana suka bayyana a 1987, wanda ƙwallonsa ya yi wa ƙananan birai girman haɗiya. Gwaggon biri ne ke haɗiye shi, ya kai shi nesa, ya ajiye shi cikin kashinsa kusa da inda ya kwana, wurin da ya riga ya buɗe wa hasken rana. A nan itacen ke tsirowa. Mu da kakanninmu suka yi ƙarni da ƙarni suna fataucin goro daga Gwanja, ya kamata mu ji nauyin wannan: a can kurmi akwai dabbar da ke shuka dangin goro tun kafin a ɗaura wa jaki mangala.

Wayonsa ma an shaida shi. A 2005 masu bincike a arewacin Kongo Barazabil suka ba da labarin wata mace da suka gani tana auna zurfin ruwa da sanda kafin ta taka. A 2012, a Ruwanda, an ga wasu yara biyu da wani saurayi suna kwance tarkon mafarauta da hannunsu, kwanaki kaɗan bayan tarko ya kashe wani ƙaramin gwaggon biri.

Farashin da aka biya

Ba a karɓar jariri daga hannun wannan dabba sai an bi ta kan gawar iyayensa. A 1969 aka kamo wasu ƴan mata biyu, Coco da Pucker, don gidan namun daji na birnin Cologne a Jamus. Kafin a same su sai da aka kashe manya kusan 20 daga garkuna biyu, don babu wanda ya gudu ya bar su. Fossey ta yi jinyarsu, amma ba ta iya hana tafiya da su ba, kuma dukansu suka mutu a can a 1978. Ranar 31 ga Disamba 1977 mafarauta da karnukansu suka auka wa garken da ta fi sani. Wani matashin namiji mai suna Digit ya tsaya ya tare su har sauran suka tsira, aka kashe shi da masu, aka yanke kansa da hannuwansa don sayarwa. Schaller ya ƙiyasta 400 zuwa 500 a Virunga a 1960. Ƙidayar 1981 ta samu kimanin 250.

Fossey ta mayar da martani da zafi, tana ƙona kayan mafarauta tana korar shanun makiyaya, ta tara maƙiya. An same ta a kashe a ɗakinta a ƙarshen Disamba 1985, aka binne ta kusa da Digit. Wasu, irin su Amy Vedder da Bill Weber, sun ɗauki wata hanya tun 1979: a shiga makarantu, a kawo baƙi masu biyan kuɗi su ga dabbar, talakan da ke noma a gindin tsauni ya ga amfaninta a tukunyarsa. Yau takardar izinin kallo na awa ɗaya a Ruwanda dalar Amurka 1,500 ce, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandu yana komawa ƙauyukan kewaye, ana gina azuzuwa da ɗakunan shan magani. Tun 2005 ake bikin suna na ƙasa, Kwita Izina, inda ake raɗa wa jariran shekara suna a bainar jama'a. A 2018 ƙidaya ta nuna 1,063 tsakanin Virunga da kurmin Bwindi na Yuganda.

Wannan nasara ba kyauta aka same ta ba. Masu gadin gandun Virunga fiye da 200, ƴan Kongo, sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 1991 aka fitar da ƙabilar Batwa daga kurmin Bwindi da Mgahinga, inda suka zauna tun fil azal, akasarinsu ba tare da an ba su ko taƙin gona ba, kuma har yau suna cikin talauci. Wannan zalunci ne, ba a wanke shi da cewa an ceci dabba. Sauran dangin kuma ba su samu irin wannan gata ba. Cutar Ebola ta kashe kimanin 5,000 a yankin Lossi na Kongo Barazabil tsakanin 2002 da 2003. A gabashin Kongo, yaƙi da haƙar ma'adinai da farautar nama sun cinye mafi yawan wani irin da ke can cikin shekara 20. Ko murar ɗan Adam tana iya kashe su, shi ya sa ake hana mai tari kusantar su.

Maƙwabcinmu na kogin Cross

Irin da Matschie ya bayyana a 1904 shi ne mafi ƙaranci a duniya. Bayan yaƙin basasar Najeriya, wanda ya ƙare a 1970, mutane da yawa sun ɗauka ya ƙare a ƙasar. Sai a ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka bi mafarautan ƙauyukan ƙabilar Boki suka hau duwatsu, suka tarar da sababbin gadaje. A 2000 Esteban Sarmiento da John Oates suka auna ƙoƙunan kai da haƙora suka tabbatar da cewa iri ne mai zaman kansa. Kimanin 300 suka rage, a warwatse kan tsaunuka: dutsen Afi, da duwatsun Mbe, da sashen Okwangwo na gandun Cross River da aka kafa a 1991, sai Takamanda da Kagwene a ɓangaren Kamaru. Farauta ta koya musu gudun mutum, suka koma inda hawa ya fi wuya. Masu gadinsu sukan yi shekaru suna ƙirga gadaje ba su yi ido biyu da su ba. Da rani sun fi kwana a ƙasa, da damina su hau itace, kuma idan ƴaƴan itace suka ƙare sai su koma ɓawo da totuwa.

A Mbe, ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suka keɓe dutsensu, suka kafa ƙungiya, suka sa dokar hana farauta da tarar wanda ya karya. Da taimakon ƙungiyar kare namun daji ta WCS aka ɗauki samarinsu aikin gadi, wasunsu tsofaffin mafarauta ne, suna sintiri suna kwance tarkon waya. A watan Yulin 2020 aka fitar da hotunan da wata kyamara da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauka: garke guda, manya da yara, har da jarirai a bayan iyayensu. Ba gwamnati ce ta kori kowa daga ƙasarsa ba, masu ƙasar ne suka ga dama.

Barazanar ba ta kau ba. Gonakin koko da ayaba suna cin kurmin da ke haɗa dutse da dutse, masu zarto suna bin manyan itatuwa. Fataucin jarirai ma bai mutu ba, kuma Najeriya ta zama mashigarsa. A 2002 aka fitar da wasu huɗu zuwa gidan namun daji na Taiping a Malesiya da takardun da suka ce an haife su a Ibadan, alhali daga daji aka kamo su. Sai a 2007 aka mayar da su Limbe a Kamaru. A Disamba 2024 ma'aikatan filin jirgin saman Istanbul suka buɗe wani akwatin katako da ya taso daga Najeriya zai tafi Tailan, suka tarar da jariri ɗan kimanin wata biyar, sanye da ƴar riga. Turkawa suka sa masa suna Zeytin, wato zaitun. Wanda ya san labarin Coco da Pucker ya san abin da aka bari kwance a kurmi kafin a rufe wannan akwati.

Ko a ƙasar Hausa baƙin jininsa irin na muzuru ne, mai kaza zagi, marar kaza zagi. A watan Yunin 2019 labari ya cika gari cewa gwaggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8, kuɗin shiga na bikin Salla, a gidan namun daji na Kano. Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu ma wannan dabba a gidan. Labarin ya riga ya zaga duniya, kuma ya samu shiga ne don an daɗe da sabawa a jingina masa duk abin da aka ga dama.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu a Yamai zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Amma mun san wannan labari, don mun yi irinsa. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a duk yammacin Afirka, dukansu a yankin Kure, kilomita 60 daga nan a kan hanyar Doso. Suna cin waken manoma da mangwaronsu, kamar yadda dorina ke shiga shinkafar masu noman bakin kogi, kamar yadda gwaggon biri ke ɓarnar ayaba a gefen Bwindi. Duk da haka mutanen ƙauyukan suka haƙura, aka hana farauta, samari suka zama masu yi wa baƙi jagora, har suka haura 600. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ɓacewa. Mu ma mun biya da jini: a harin 9 ga Agusta 2020 a Kure, cikin mutum takwas da aka kashe har da jagoran baƙi ɗan yankin. Abin da ya tsayar da raƙumin dawa a Kure shi ne ya tsayar da gwaggon biri a Mbe, wato maƙwabtan dabbar sun san ta, sun ɗauke ta amana. Addininmu ma ya riga ya gaya mana makomar wadda ta ɗaure kyanwa ta hana ta abinci, da ladan wanda ya shayar da kare.

Da yamma, bayan mai wasan ya wuce, na zaunar da jikana a tabarma na ba shi wannan labari gwargwadon abin da kansa zai ɗauka. Na gaya masa gadon ganye, da maraya a jikin maigida, da jaririn da aka samu a akwati da riga. Ya yi shiru, yana kallon hanyar da mutumin ya bi da sarƙarsa.

Can ya ce, "Kaka, shi wannan bikan na ɗazu, ina uwarsa?"

Na ce, "Abokina, ba a samun ɗan biri a hannu sai an raba shi da ita."

Ya buɗe tafinsa. Dalar da na ba shi da safe ya jefa wa bikan tana nan, bai jefa ba.